Waiwaye: yadda aka fara ɗaure enzayim a turke

Duk mai ciwon suga da ke huda yatsa da safe a Birnin Kebbi ko Argungu ya ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, enzayim ɗaurarre ne ke yi masa aiki. A bakin tsinken aka manna shi, yana jiran sukarin jini. Enzayim furotin ne mai gaggauta sauyin sinadarai, irin wanda ke cikin tsiron hatsi yana tsinka kunun zaƙi. A masana'anta kuwa tsadarsa ce matsala: in an zuba shi cikin ruwa ya gama aiki, sai ya bi ruwan. Shi ya sa ake ɗaure shi a jikin wani abu da ba ya narkewa.

A 1916 ne Nelson da Griffin na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka lura cewa inbatas, enzayim mai farfasa sukarin rake, bai daina aiki ba bayan ya maƙale a jikin gawayi. Maganar ta kwanta shekara da shekaru. Sai a 1969 dabarar ta shiga masana'anta, inda kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan, da jagorancin Ichiro Chibata, ya ɗaure wani enzayim a jikin ƙananan ƙwayoyi yana tace amino asid, wato tubalan ginin furotin, ba tsayawa. Cikin shekarun 1970 masu mai da sitacin masara ruwan zaƙi da masu haɗa magungunan dangin penisilin suka bi sahu.

Sai dai ɗaurin ba kyauta ba ne. Akuyar da ke turke abin da ya iso gabanta take ci. Enzayim da ke can cikin ramukan ƙwaya dole ya jira abin da zai sarrafa ya ratso, na bakin ƙwaya su cinye kafin ya kai ga na ciki, sai a ga saurin aikin ya ragu. Wani lokacin ma igiyar sinadarin da aka ɗaure shi da ita kan murɗe surarsa ko ta toshe masa baki. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne binciken Katchalski da abokansa a Isra'ila a 1964: da suka ɗaure tiripsin, enzayim mai farfasa furotin, a jikin abu mai cajin lantarki, yawan tsamin ruwan da ya fi yin aiki a ciki ya gusa, domin ruwan da ke dab da shi ya fi sauran ruwan da ake aunawa tsami.

Ribar ita ce juriya. Ɗaurarren enzayim yakan fi jure zafi, kuma ana maimaita aiki da shi na makonni, wani har watanni. A ganina wannan cinikin ya dace da ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 a watan Afrilu.

Tokar buntun shinkafa, wanda ke tule a bayan injunan casa na Kebbi, cike take da silika, sinadarin da ke cikin yashi, kuma masu bincike a wasu ƙasashe sun gwada ta a matsayin turken enzayim. Aikin da ke jiran ɗaliban jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi shi ne daidaita girman ramukanta: in sun yi ƙanana enzayim ba zai shiga ba, in sun yi faɗi ya zurare.