Tef ɗin awo kafin zaɓi: dokar Birtaniya kan ƙaramar bindigar wasan harbi

Wanda ya fara ganin fistol ɗin da 'yan wasan harbi ke riƙewa a filin Bisley da ke gundumar Surrey a Ingila, sai ya tsaya ya sake dubawa. Mariƙinta na fistol ne sak, kunamarta ma haka, amma bututunta ya miƙe ya kai tsawon rular 'yan firamare, ga kuma wani siririn ƙarfe da ya fito daga gindinta ya bi gefen hannun mai harbi ya nufi gwiwar hannu. Doka ce ta ba ta wannan siffa. Duk mai son zaɓen ƙaramar bindiga don wasan harbi a Ingila ko Sukotlan ko Wales, tef ɗin awo ne ke fara yanke masa hukunci tun kafin a zo maganar kamfani ko farashi.

Bari mu fara warware kalmomi biyu. Harsashin da ake kira rimfaya shi ne wanda sinadarin da ke tayar da albarushinsa yake kewaye a gefen gindin kwanso, allurar bindiga ta daki gefen nan sai ya tashi. Mafi shahara a cikinsa shi ne .22, mai faɗin kimanin milimita 5.6. Yana da araha, ƙararsa kaɗan, turinsa a hannu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa masu koyon saiti a ko'ina suke farawa da shi. Ita kuwa bindiga mai ɗura wa kanta, duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya take fitarwa, ta tofar da kwanson da ya ƙone, ta ɗauko na gaba. Ta sha bamban da mashinga mai ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama.

Kafin 1997 ɗan Birtaniya mai lasisi yana iya mallakar fistol na yau da kullum. Abin da ya sauya lamarin ya faru ne ranar 13 ga Maris 1996 a garin Dunblane na Sukotlan, inda wani mutum mai suna Thomas Hamilton ya shiga makarantar firamare da ƙananan bindigogi huɗu, dukansu da lasisi ya mallake su, ya kashe yara 16 'yan shekara biyar zuwa shida da malamarsu. Andy Murray, wanda daga baya ya zama gwarzon wasan tanis, ɗalibi ne a makarantar a lokacin. Alƙali Lord Cullen ya gudanar da bincike, iyaye da masu goya musu baya kuma suka tara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane suna neman a hana fistol ɗungurungum. Gwamnatin John Major ta yi dokar farko a 1997, ta haramta manyan fistol ta bar .22 bisa sharaɗin a ajiye su a kulob. Da Tony Blair ya ci zaɓe a watan Mayun shekarar, sai gwamnatinsa ta kawo doka ta biyu wadda ta haɗa har da .22 ɗin. An miƙa wa 'yan sanda ƙananan bindigogi sama da 160,000, gwamnati ta biya diyya.

To ta yaya ake ganin fistol a Bisley har yau? Amsar tana cikin yadda aka rubuta sashe na 5 na dokar makamai ta 1968 bayan an yi masa gyara. Sashen da awo ya yi magana. Ya ce duk bindigar da bututunta bai kai santimita 30 ba, ko tsawonta baki ɗaya bai kai santimita 60 ba, haramtacciya ce, in ban da bindigar iska, da wadda ake ɗurawa ta baki irin ta toka, da ta ba da sigina. Sai maƙera suka ɗauki fistol, suka tsawaita bututun ya haura 30, suka manna ƙarfe a gindi har tsawon ya haura 60. Ƙarfen nan dole ya zama a kafe dindindin, domin dokar ta ce ba a lissafa gindin da ake cirewa ko naɗewa a wajen awo. Wanda ya sa zarto ya yanke shi don ya ji daɗin riƙo, a take bindigarsa ta koma haramtaccen makami, kuma hukuncin balagagge a kan haka aƙalla shekara biyar ne a gidan yari, sai in kotu ta ga wani dalili na musamman.

Akwai shinge na biyu, wanda ya girmi na Dunblane. Bayan harbin da wani ɗan bindiga ya yi a garin Hungerford na Ingila a 1987, inda mutum 16 suka rasa rayukansu, dokar 1988 ta hana dogayen bindigogin raifel masu ɗura wa kansu in ban da masu cin harsashin .22 rimfaya. Idan aka haɗa shingayen biyu, zaɓin da ya rage wa mai son fistol mai ɗura wa kanta ɗaya ne tak: doguwa, kuma .22. Irin su Browning Buck Mark da GSG 1911 ana sayar da su a can cikin wannan doguwar siffa. Mai son babban harsashi sai dai ya koma ga doguwar libarba, wato mai gidan harsashi mai juyawa, tunda ita ba ta ɗura wa kanta.

Samun lasisin kansa ba aikin gaggawa ba ne. Rundunar 'yan sandan yankin mutum ce ke ba da shi, kuma sai ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili. Kare kai ba ya cikin dalilan da ake karɓa. Ga ɗan wasan harbi, dalilin shi ne zama cikakken ɗan kulob da hukuma ta amince da shi, bayan zaman gwaji na aƙalla wata uku. Zai kawo mutum biyu da suka san shi shekara biyu su tsaya masa. Tun Nuwamban 2021, bayan harbin mutane da aka yi a birnin Plymouth na Ingila, sai an ga bayanin likita kan lafiyarsa kafin a ba shi. Jami'i zai zo gida ya duba akwatin ƙarfen da za a kulle bindigar, ya jijjiga shi ya tabbatar an ɗaure shi da bango. Lasisin na shekara biyar ne, kuma a jikinsa ake rubuta kowace bindiga da girman harsashinta da yawan harsasan da aka yarda ya ajiye. In yana son ƙarin wata, sai ya koma ya nemi a gyara takardar.

A nan ne akwai wani lungu da nake ganin dokar ta takura mai gaskiya ba tare da ta ƙara wa kowa tsaro ba. Ɗan kulob yana iya aron doguwar bindiga ta kulob ya yi atisaye ko da ba shi da lasisin kansa, domin dokar 1988 ta yi wannan rangwame. Amma rangwamen bai shafi dogon fistol ba. Ma'ana, abokinka yana tsaye kusa da kai a layin harbi da tasa, malamin kulob yana kallonku, amma ba ka da ikon karɓa ka gwada harsashi biyar. Sai ka nemi izini, ka saya, sannan ka san ko mariƙin ya zauna maka a tafin hannu, ko nauyin bututun yana rinjayarka gaba. Alhali duk wanda ya san harbin saiti ya san a kan waɗannan abubuwa ake zaɓe: zaman mariƙi, laushin kunama, da yadda ido ke kama saiti. Sayen kifi a ruwa ke nan, da kuɗi masu yawa. Tsananin da aka yi bayan Dunblane ina tare da shi, domin ran yara 16 ya fi kowane wasa. Wannan lungun ne kawai nake ganin ya cancanci gyara.

'Yan wasan ƙasa su ma sun ɗanɗana. Gasar harbin fistol ta mita 25 a Olamfik da .22 ake yin ta, kuma ƙa'idar hukumar wasan harbi ta duniya ta ce dole bindigar ta shiga akwatin awo mai tsawon santimita 30, nauyinta kada ya wuce giram 1,400. Bindigar da dokar Birtaniya ta halatta ta ninka akwatin nan tsawo, wadda za ta shiga akwatin kuma haramun ce a ƙasar. Shekara da shekaru 'yan wasan Birtaniya suna hawa jirgi zuwa Suwizalan don yin atisaye. Gasar Commonwealth ta 2002 da Olamfik ta Landan ta 2012 sai da gwamnati ta ba da izini na musamman kafin aka shigo da bindigogin gasar.

Haramcin bai tsallaka ruwa ba. Ireland ta Arewa tana da dokarta daban, kuma ana ba da lasisin fistol na yau da kullum don wasan harbi. Haka tsibiran Man da Jersey da Guernsey. Mai karatu a Najeriya kuwa ya sani cewa tamu dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma ba ta ware .22 ba.

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Ingila yana sha'awar wasan, ƙofa mafi sauƙi ita ce fistol na iska. A Ingila da Wales ba ya buƙatar lasisi muddin ƙarfinsa bai wuce kimanin jul 8 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), a Sukotlan kuwa sai da takarda tun ƙarshen 2016. Da shi ake gasar mita 10 a Olamfik, kuma kulob zai iya ara maka nasa ranar da ka fara zuwa.