Wace ce Rukayat Shittu, kuma yaya aka yi ta shiga majalisa tana shekara 26?

Wace ce ita?

Yarinya ce matashiya daga jihar Kwara, ta tsaya takarar majalisar dokokin jiha a mazaɓar Owode/Onire da ke ƙaramar hukumar Asa a ƙarƙashin APC, kuma ta ci a zaɓen 18 ga Maris 2023 tana da shekara 26 kacal. Wallahi ranar da aka sanar da sakamakon nan na ji daɗi sosai, don kujerar da muka saba gani a hannun dattawa masu furfura ce ta faɗo hannun sa'ar ƙannenmu.

To daga ina ta fito, ko dai 'yar wani babba ce aka ɗora?

Nan ne abin ya fi burge ni. Ta yi karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa wato NOUN, can ta fara siyasar ɗalibai har ta riƙe shugabancin majalisar ɗaliban jami'ar, sannan ta yi aikin jarida a wata kafar labarai ta intanet kafin ta fito takara. Kun ga ke nan ba daga sama ta faɗo ba, ta saba da zaman mitin da gardama da bin mutane gida gida ana lallashi, ga kuma aikin jarida da ke koya wa mutum sauraro da yin tambaya, wanda shi ne rabin aikin ɗan majalisa in ana maganar gaskiya.

Da ma doka ta yarda mai shekara 26 ya tsaya?

Da can a'a. Sai a 31 ga Mayu 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da matasa suka daɗe suna fafutuka a kai, ƙungiyar YIAGA ce ta ja ragamar yaƙin. Aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, sanata da gwamna kuwa suna nan a 35. In ba don wannan gyara ba da sai ta jira wata shekara huɗu.

Ke nan yanzu kowane matashi zai iya?

Ina! Doka ta buɗe ƙofa ne kawai, amma kuɗi na tsaye a bakinta. A 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, na wakilai miliyan 10, na shugaban ƙasa miliyan 100, duk da an yi wa mata da matasa ragi. Kuma fom ai somin taɓi ne, ga fidda gwani, ga daliget da kowa ya san halinsu, ga fosta, ga motocin kamfe, ga ejan da za ka ajiye a kowace rumfa ranar zaɓe ka ba shi na abinci. Matashin da bai gina kansa a mazaɓa tun daga matakin gunduma ba, ko da mabiya dubu nawa gare shi a Facebook, a fidda gwani za a kayar da shi.

Akwai irinta a wajenmu?

Akwai, Ibrahim Bello Mohammed ya shiga majalisar wakilai a 2023 daga mazaɓar Birnin Kebbi/Kalgo/Bunza yana da shekara 27. Amma ta ɓangaren mata abin na damuna ƙwarai, jihohi da dama a arewa majalisarsu babu mace ko ɗaya, alhali mata ne ke cika layi tun da sassafe ranar zaɓe, kuma kasafin asibitin haihuwa da makarantun 'yan mata a wannan zauren ake tattauna shi.