Mece ce ma'anar "Manguebeat"?

Duk wanda ya leƙa waƙoƙin rock na ƙasar Burazil, ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmar Manguebeat, sunan wani salon kiɗa. Kalma biyu ce aka haɗa. "Mangue" a harshen Fotugis sunan fadamar bakin teku ce, inda ruwan kogi ke gauraya da ruwan gishiri, itatuwa su tsiro da saiwoyinsu a waje, ƙasa kuma duk taɓo ne baƙi ƙirin cike da ƙaguwa. Rabin na biyu kuwa da farko "bit" aka ce, wato ƙwayar bayanan kwamfuta, daga baya ya rikiɗe ya koma "beat", bugun kiɗa.

A birnin Recife na jihar Pernambuco aka haifi salon, a farkon shekarun 1990. Birni ne da aka gina a kan irin wannan fadama, talakawansa da dama suna cusa hannu cikin laka har kafaɗa don su zaƙulo ƙaguwar da za su ci ko su sayar. Matasan mawaƙa suka ce ai wannan lakar da ake ƙyama ita ce gidansu. A 1992 ɗaya daga cikinsu, Fred Zero Quatro, ya rubuta takardar da ta bayyana manufarsu, suka ɗauki faifan satalayit kafe a cikin taɓo a matsayin alamarsu. Ƙafa a laka, kunne a duniya.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne sautin. A rock ɗin da aka saba, jitar lantarki ce sarauniya. Nan kuwa, a ƙungiyar mawaƙi Chico Science mai suna Nação Zumbi, gangunan "alfaia" ne ke jan ragama. Manyan ganguna ne na katako, an rufe su da fata an ɗaure da igiya, makaɗi ya rataya ɗaya a kafaɗa yana duka da sanda biyu. Idan mutum uku suka buga tare, a ƙirji za ka ji shi kafin kunne. Jita sai ta bi ta kansu tana kururuwa, mawaƙi kuma yana zuba magana da sauri kamar mai rap. Gangunan na kiɗan "maracatu" ne, gadon bayin Afirka da aka kai gonakin rake, kiɗan da ake yi wa sarakunan baƙar fata ranar naɗi. Shi kansa sunan Zumbi na jagoran bayin da suka gudu suka kafa mazauninsu mai suna Palmares ne, wanda aka kashe a 1695.

Faifan ƙungiyar na farko ya fito a 1994. Chico Science bai daɗe ba, ya rasu a hatsarin mota tsakanin Recife da Olinda a watan Fabrairun 1997, yana da shekara 30. Wani ɗan ƙungiyar, Jorge du Peixe, ne ya karɓi makirufo, ƙungiyar ta ci gaba da kiɗanta.