Aikin masanin dokar ƙasa da ƙasa kan tsaro da kwance ɗamarar makamai

Wane karatu ake fara yi?

Digirin lauya na shekara biyar, irin wanda ake yi a tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, Zariya, sai shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi. Ƙwarewar kanta sai a digiri na biyu da na digirgir. A nan ne mutum zai zaɓi layinsa: nukiliya, makamai masu guba, ko ƙananan makamai. Faransanci ma yana da amfani ƙwarai ga mai son aiki da ECOWAS, ko da cibiyar kwance ɗamara ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Lome.

Wace yarjejeniya ce dole ya haddace?

Ta hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968, ta makamai masu guba ta 1993, ta Pelindaba ta 1996 wadda ta haramta makaman nukiliya a Afirka, da ta cinikin makamai ta 2013. Amma kafin su duka, a fara da Yarjejeniyar Biyana ta 1969, sashe na 31 da na 32, domin su ne ƙa'idar fassara kowace yarjejeniya. Wanda ya tsallake su, zai yi ta kawo ra'ayinsa yana zaton doka yake faɗa.

Ina ruwan ɗan Kaduna da wannan fanni?

Ai a ƙofar gidansa aikin yake. Masana'antar ƙera makamai ta DICON tana Kaduna tun 1964, ga makarantar horar da sojoji ta NDA, ga kwalejin hafsoshi ta Jaji. A Zariya akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike, wanda a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfi, aka mayar da tsohon makamashin ƙasar Sin. Sai dai inda aka fi bukatar masana shi ne ƙananan makamai, waɗanda ke hannun 'yan bindiga a dazukan Birnin Gwari. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta hana ƙasashen ƙungiyar shigo da ƙananan makamai sai da takardar izini daga ECOWAS, ta kuma wajabta sa wa kowace bindiga lamba. Bin sawun lambar nan, daga masana'anta zuwa rumbun da ta ɓace, shi ne rabin binciken.

Wane kuskure masu farawa suka fi yi?

Ɗaukar sa hannu a kan yarjejeniya daidai da tabbatar da ita, wato amincewar ƙarshe da ke sa ta hau kan ƙasa. Ƙasa tana iya sa hannu ta yi shekaru ba ta tabbatar ba. Pelindaba sai 2009 ta fara aiki saboda jiran ƙasashe 28 su tabbatar da ita. Na biyu ya fi cin mutane: sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Don haka lauyan da ya je kotu da yarjejeniyar cinikin makamai kaɗai, alƙali zai tambaye shi dokar cikin gida, kuma sau da yawa Dokar Bindigogi ta 1959 za a koma wa.

A ina ake samun aiki?

Koyarwa a jami'a, Ma'aikatar Harkokin Waje, cibiyar kula da ƙananan makamai da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ko hukumomin ƙasa da ƙasa da ke biranen Janiba da Biyana. Akwai kuma horon Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwance ɗamara, wanda aka kafa a 1978 bisa shawarar Najeriya, amma gwamnati ce ke miƙa sunan jami'inta, ba mutum ke nema da kansa ba.