Yawon shaƙatawa a ƙaramin jirgin ruwa

Yawon shaƙatawa a ƙaramin jirgin ruwa tafiya ce ta hutu wadda fasinja ke kwana, ya ci, ya sha a cikin jirgi mai ɗakuna kaɗan, jirgin kuma yana zagayawa da shi daga wannan gaɓa zuwa waccan na tsawon kwanaki, yawanci mako guda. Babu wata doka da ta yanke iyakar adadin mutanen da irin wannan jirgi zai ɗauka, amma masu harkar sukan sa jirgin da bai wuce fasinja 300 ba a wannan aji, wasu ma goma sha biyu kacal suke ɗauka. A ɗaya gefen akwai irin su Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, mai tsawon mita 365, da ke iya kwasar fasinja kimanin 7,600 ban da ma'aikata. Wannan kam unguwa ce guda a kan ruwa. Duk abin da ya bambanta ƙaramin jirgi da irin wannan, daga wuraren da yake zuwa har kuɗin da ake biya, daga ƙanƙantarsa ya samo asali.

Asali

Jirgin farko da aka ƙera musamman don yawon hutu, ba don kai mutane wani gari ba, shi ne Prinzessin Victoria Luise na kamfanin Hamburg America da ke Jamus, a shekarar 1900. Ɗakuna 120 gare shi, dukkansu na masu hali. Bai daɗe ba, domin ya yi karo da duwatsu a gaɓar Jamaika a 1906. Kafin shi ma, tun 1869 Thomas Cook na Ingila ya fara kai Turawa yawo a kogin Nilu.

Salon da aka sani yau ya kankama ne daga baya. Lars-Eric Lindblad, ɗan asalin Suwidin, ya kai masu yawon buɗe ido nahiyar ƙanƙara ta Antaktika a 1966, sannan a 1969 ya sa aka ƙera masa jirgin Lindblad Explorer mai ɗaukar mutum kimanin 100. A 1984 da 1985 aka ƙaddamar da tagwayen jiragen Sea Goddess, waɗanda har yanzu suke aiki da sunan SeaDream I da SeaDream II, kowanne da fasinja 112 da ma'aikata 95. A 1986 kuma Wind Star ya fito, mai fasinja 148, yana haɗa inji da filafilan da iska ke turawa.

Inda babba ba ya shiga

Babban jirgi yana buƙatar ruwa mai zurfi da tasha mai faɗi, don haka garuruwan da zai iya tsayawa ƙidayayyu ne. Ƙarami kuwa yakan kutsa lungunan teku da bakin koguna, ya saki anga kusa da wani ƙauyen masunta, a sauke mutane a kwalekwalen roba mai inji. Mashigin Korinti da ke Girka, wanda aka buɗe a 1893, faɗinsa bai kai mita 25 ba, kuma manyan jiragen zamani ba sa iya ratsa shi.

A wasu wuraren doka ce ma ta ba ƙananan jirage fifiko. A tsibiran Galapagos na ƙasar Ikwado ba a yarda jirgin yawo ya ɗauki fiye da fasinja 100 ba. A Antaktika, jirgin da ya haura fasinja 500 ba ya sauke kowa a ƙasa, kuma ko a jiragen da aka yardar wa, mutum 100 kawai ke sauka a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Gwamnatin Italiya ma, daga ranar 1 ga Agustan 2021, ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 bi ta tsakiyar birnin Benis, saboda ɓarnar da igiyar ruwansu ke yi wa harsashin tsofaffin gine-gine.

Zaman cikin jirgi

A ƙaramin jirgi ba a cika tsananta ƙa'idojin sutura ba. A manyan jirage na da can akan ware daren da sai da kwat da laƙatayal za a shiga ɗakin cin abinci, kowa da teburinsa da lokacinsa. A ƙananan jirage mutum yakan zauna inda ya ga dama, kuma kafin kwana biyu mai dafa abinci ya san wanda ba ya cin yaji da wanda ba ya shan sukari. Kyaftin yana iya sauya hanya idan yanayi ya ɓaci, ko ya ƙara awa biyu a wurin da fasinjoji suka ji daɗi. Galibi babu gidan caca, babu dandalin kiɗa, wani jirgin ko talabijin babu a ɗaki.

Yana da nasa wahalhalun. Ƙaramin jirgi ya fi jin bugun igiyar ruwa, saboda haka mai saurin jiri da tashin zuciya gara ya zaɓi kogi a kan teku. Da yawa ba su da na'urar hawa bene, abin da kan wahalar da tsofaffi da masu ciwon gwiwa, kuma ba kowanne ke da likita ba. Idan aka haɗu da abokin tafiya mai surutu, to sai haƙuri har a sauka, don babu wurin ɓuya. Ga tsada kuma: kuɗin mai da albashin ma'aikata a kan mutane kaɗan ake raba su, kuma wanda ya kama ɗaki shi kaɗai akan ƙara masa kuɗi, wani lokaci har ninki biyu.

Ta fuskar tsaro, yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1974, wato SOLAS, wadda asalinta ya samo daga nutsewar Titanic a 1912, tana ɗaukar duk jirgin da ya wuce fasinja 12 a matsayin jirgin fasinja idan yana tafiya tsakanin ƙasashe. Dole a nuna wa kowa rigar ceto da wurin taruwa kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Shi kansa Lindblad Explorer ya nutse a Antaktika a watan Nuwamban 2007 bayan ya bugi ƙanƙara, amma an ceto duk mutanen da ke ciki.

Dahabiya da 'yan uwanta

Mafi kusa da hannun Bakano a duk wannan harka ita ce dahabiyar Masar. Jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da filafilai biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, mai ɗakuna huɗu zuwa goma. Tana zirga-zirga tsakanin Esna, kudu da Luksor, da birnin Aswan, cikin kwana huɗu ko biyar. Iskar Masar daga arewa take kaɗowa, shi ya sa dahabiya ke iya haurawa kudu tana fuskantar gudun ruwa. Ranar da iska ta kwanta, wani ƙaramin jirgi mai inji ne ke janta da igiya daga nesa, don kada ƙararsa ta dami fasinja. Tana tsayawa a Edfu da Kom Ombo kamar sauran jirage, amma tana kuma ɗaurewa a Jabal Silsila, inda Fir'aunoni suka riƙa fasa duwatsun gina haikalinsu, wurin da manyan jiragen Nilu sukan wuce kawai. Da daddare a bakin wani tsibiri ake kwana. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacinta, domin zafin Aswan a watan Yuli ya fi na Kano a watan Afrilu.

A Turkiyya akwai gulet, jirgin katako da ake ƙerawa a Bodrum da Marmaris, mai yawo a gaɓar kudu maso yamma lokacin bazararsu. A Afirka ta Yamma kuma akwai Bou el Mogdad, wanda aka ƙera a Holan a 1950, ya yi shekaru yana jigilar kaya da wasiƙu a kogin Senegal, yanzu kuma yana kai masu hutu daga San Luwi zuwa Podor.

Ga matafiyi daga Kano

Kano tana da nisan kimanin kilomita 1,000 daga tekun Legas, kuma babban ruwan da yawancin mutanen birni suka sani shi ne madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Bako, sai ta Challawa da ke Ƙaraye. Amma jirgin ruwa ba baƙo ba ne a tarihin gari: alhazan da suka tafi ta ƙasa a da, ta Chadi da Sudan, a jirgi suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda.

Yau tafiyar daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano take farawa, kuma babbar matsalar biza ce. Mai fasfon Najeriya yakan buƙaci izinin kowace ƙasa mai neman biza da jirgin zai tsaya, ko da bai yi niyyar sauka ba, abin da ejan-ejan da suka saba da Umara da Dubai kawai ba lallai su ankarar da shi ba. Jirgin da ke yawo cikin ƙasa ɗaya ya rage wannan wahala: dahabiya biza ɗaya take buƙata, Senegal kuwa ƙasar ECOWAS ce, fasfo da katin rigakafin cutar shawara sun isa.

Sai batun addini. A jiragen Turawa akan cusa kuɗin giya cikin kuɗin tafiya ko mutum bai sha ba, kuma naman halal sai an nema tun kafin a biya. A Masar da Turkiyya da Senegal masu girkin galibi Musulmi ne. Alƙibla tana sauyawa duk sanda jirgi ya karkata, don haka mutane kan duba ta a waya ko su tambayi matuƙi, ko kuma su jira a ɗaure jirgi idan lokacin salla bai ƙure ba. Iyalin da ke son mata su sake ba tare da idon baƙi ba suna iya ɗaukar shatar dahabiya ko gulet gaba ɗaya, su tsara abincinsu da wuraren tsayawa, su ce kada a ɗora giya. Gidan da ke da mutum goma sha biyu zuwa sha shida ya isa ya cika jirgi guda.