Wa ke bin diddigin ƙananan hukumomin Ingila kan kula da tsofaffi da naƙasassu?

A Ingila maganin asibiti kyauta ne a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS. Amma tsohuwar da ba ta iya yin wanka da kanta, ko mai shanyewar ɓarin jiki da sai an ɗaga shi daga gado an ba shi abinci a baki, nauyinsu yana wuyan ƙaramar hukuma, kuma sau da yawa sai sun sa hannu a aljihu.

Dokar da ta ɗora wannan nauyi ita ce Care Act ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2015. Duk babban mutumin da ake ganin yana buƙatar kulawa, dole ƙaramar hukuma ta turo ma'aikaci ya tantance halin da yake ciki, ba tare da an karɓi ko kwabo ba, mai kuɗi ne ko talaka. Ɗa ko matar da ke ɗawainiya da shi su ma suna da haƙƙin a duba nasu halin. Sai bayan haka a zo kan dukiya: wanda abin hannunsa ya haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kulawarsa, adadin da bai motsa ba tun 2010 duk da tsadar rayuwa. Idan kuma aka yi zargin ana cin zarafin mai rauni ko an yi sakaci da shi, wajibi ne hukumar ta bincika.

Sa ido na farko a cikin gida ake yinsa. Akwai kwamitin bin diddigi na kansilolin da ba sa cikin masu zartarwa, wanda ke iya kiran daraktan kula da manya ya zo ya amsa tambayoyi a zaman da jama'a ke iya halarta. Mutum nawa ke jiran a tantance su, kuma wata nawa suka yi a layi? Nawa suka warke amma suna kwance a asibiti don babu mai kula da su a gida? Raunin kwamitin shi ne, alƙaluman da yake dubawa daga hannun waɗanda ake bincika suke fitowa, kuma kansila kan ji nauyin matsa wa ɗan jam'iyyarsa.

Na waje kuwa ya daɗe babu shi. A 2010 aka daina auna ƙwazon ƙananan hukumomi duk shekara, aka bar su suna duba junansu. Dokar lafiya da kulawa ta 2022 ce ta dawo da shi, ta ba hukumar CQC, wadda da ma ke duba asibitoci da gidajen tsofaffi, ikon auna hukumomi 153 tun daga Afrilun 2023. Masu binciken kan ɗauko fayil ɗin wasu mutane su bi shi daga farko, su zauna da su da iyalansu da ma'aikata, sannan su ba da ɗaya daga matakai huɗu, daga fitacce har zuwa wanda ya gaza. Inda abin ya lalace, minista na da ikon ba da umarni ko ya turo wanda zai karɓi aikin.

A ganina gyara ne mai kyau, sai dai maki ba ya kawo kuɗi. Kula da manya shi ke cinye kaso mafi tsoka na kasafin yawancin waɗannan hukumomi, har tun 2016 aka ba su damar ƙara wani abu a kan harajin gidaje dominsa. Hukumar da aka ce ta gyara, da wannan aljihun za ta gyara.

'Yan uwanmu mazauna can su lura da abu ɗaya: CQC ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya. Idan an hana Baba tantancewa ko an rage masa awannin kulawa, ƙaramar hukumar za a fara rubuta wa. In ba a gamsu ba, sai a wuce ofishin mai sauraron koke-koke kan ƙananan hukumomi, wanda ba a biyansa komai, kuma a ƙa'ida ana so a kai ƙarar cikin wata 12 da sanin matsalar.