Watan da ke tsakanin neman rajista da biki: shirin aure a Karakalpakistan

A Karakalpakistan, jamhuriyar da ke cikin Uzbekistan a gefen abin da ya rage na tekun Aral, saurayi da budurwa ba sa zuwa ofishin rajistar aure yau a ɗaura musu gobe. Dokar iyali ta ƙasar ta ce sai an jira wata ɗaya daga ranar da suka miƙa takardar neman rajista. Yawancin gidaje a ɗinki da sayen dabbar yanka da lissafin baƙi suke ƙarar da wannan wata. Mu ma'aikatan lafiya kuwa muna ganin babu lokacin da ya fi shi dacewa a duba jikin mutum biyun da za su ɗauki nauyin gida, domin da zarar an kai amarya, maganar ta koma ta "yaushe za mu ga jika?"

Tun shekarar 2003 gwajin lafiya kafin aure ya zama tilas a Uzbekistan, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. Ana duba abubuwa biyar: tarin fuka, tunjere, ƙwayar cutar ƙanjamau, taɓin hankali, da shaye-shayen miyagun ƙwayoyi. Mutanen Kano da suka ga dokar gwajin aure ta 2024 za su gane tsarin. Inda ake samun matsala shi ne mutane su ɗauki gwajin a matsayin hatimi kawai, a je a guje kwana biyu kafin biki, wani ma ya nemi wanda zai sa masa hannu ba tare da an ɗibi jini ba. Wanda ya yi haka bai cuci ofis ba, matarsa da ɗan da ba a haifa ba ya cuta. Tunjere, alal misali, allurar fenisilin ce maganinsa idan an gano shi da wuri. Idan aka bar shi har mace ta ɗauki ciki, yana iya jawo ɓari, ko a haifi yaro babu rai. A je gwajin a makon farko, don a sami sauran makonni uku na magani da shawara. Kuma samari da yawa a yankin suna zuwa ci-rani Kazakistan da Rasha. Wanda ya dawo kwanan nan, kuma ya san ya yi abin da zai iya jefa shi cikin haɗari, ya maimaita gwajin ƙanjamau bayan wata uku, saboda sabon kamu ba kullum yake bayyana a gwajin farko ba.

Tarin fuka yana buƙatar a tsaya a kansa, domin yankin ya daɗe yana fama da nau'in da ba ya jin magungunan farko. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a can tun 1998, kuma Nukus, babban birnin jamhuriyar, yana cikin wuraren da aka gwada sabon tsarin magani na wata shida wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2022, maimakon tsohon da ke kaiwa kusan shekara biyu. Tari na mako biyu, zufar dare, rama ba dalili: a kai kaki a gwada, kada a tsaya ga hoton ƙirji kaɗai. Iyayen budurwa sukan ɓoye cutar don gudun kada a fasa auren, sai ta daina shan magani a gidan miji saboda kada a ga ƙwayoyin, cutar ta dawo da ƙarfinta, ta kama mutanen ɗaki guda a lokacin sanyi da ake rufe ƙofofi da tagogi. Abubuwa biyu ma'aurata su sani. Rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin, yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, don haka a nemi wata hanyar. Sabon tsarin wata shidan kuma ba a ba da shi ga mai ciki, saboda haka gara a gama magani kafin a nemi haihuwa.

Akwai kuma gwajin da ba ya cikin biyar ɗin nan, alhali ya fi kowanne shafar amaren wannan yanki: awon yawan jini. Tun daga shekarun 1960 aka riƙa karkatar da ruwan kogin Amu Darya zuwa gonakin auduga, teku ya ja baya, garin Moinak da ke rayuwa da kamun kifi ya wayi gari da jiragen ruwa a kan yashi. Kifin da talaka ke ci ya tafi, ƙasa ta yi gishiri, ruwan sha ya yi zartsi, iska na kwaso ƙurar gishiri da ragowar maganin feshi daga busasshen gindin teku. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare tsakanin mata. Budurwa ta nemi a auna mata himogulobin tun kafin biki. Ƙasa da giram 12 a kowace desilita ga macen da ba ta da ciki, ko ƙasa da 11 ga mai ciki, ƙarancin jini ne. A ja fatar idonta ta ƙasa: idan cikin fatar ya yi fari fat maimakon ja, ga haki in ta ɗauko bokitin ruwa, ga jiri in ta miƙe, ba ragwanci ba ne. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita.

Maganin ba tsada gare shi ba, sai dai yana son naci. Ƙwayar ƙarin jini kullum kamar yadda likita ya rubuta, kuma a ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya daidaita, don jiki ya tara ajiya. Tana mayar da bayan gida baƙi, tana iya sa tashin zuciya ko taurin ciki; da yawa a nan suke yar da ita, alhali sha bayan abinci ko kafin barci yana rage damuwar. Folik asid kuma, wani nau'in bitamin, maikurogiram 400 kullum, a fara wata ɗaya zuwa uku kafin ɗaukar ciki, a ci gaba har mako 12 na farko, saboda lakar bayan jariri tana haɗewa ne cikin mako huɗu na farko, kafin mace ma ta tabbatar ta yi ɓatan wata.

Shayi ne babban abin lura a nan. A gidan Bakarakalfake baƙin shayi da madara ba ya barin kan shimfiɗar abinci, kuma sabuwar amarya, wadda suke kira kelin, ita ke zuba wa kowa. Shayi yana hana hanji ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci. Ba a ce a daina ba. A raba shi da abinci da ƙwayar jini da aƙalla awa ɗaya. Idan an dafa juweri gurtik, wato dunƙulen garin dawa da nama, kelin ta sami tsoka da hanta, ba romo kaɗai ba bayan maza da baƙi sun ƙoshi. Shi ya sa wayar da kan amarya ita kaɗai ba ya isa. Uwar miji ce ke riƙe da tukunya, ita ke cewa a je awon ciki ko a bari, musamman a gidan ɗan auta wanda al'ada ta ɗora masa zama da iyaye. Nas mai zagayen gidaje ta zaunar da su uku, ango da amarya da suruka, ta faɗi maganar a gabansu duka: awo takwas a ciki ɗaya, da tazarar wata 24 tsakanin haihuwa da ciki na gaba.

Ta fuskar doka, shekarun aure 18 ne ga namiji da mace tun 2019. Ɗaurin auren malami ba tare da rajista ba ba ya ba wa mace haƙƙi a kotu kan dukiyar da suka tara tare, don haka a fara yin rajista. Sace budurwa don a aure ta, al'adar da har yanzu ake jin labarinta a yankin, laifi ne a dokar hukunta laifuka, kuma tun 2023 duka a cikin iyali ma ya zama laifi mai zaman kansa, mace na iya neman takardar kariya daga 'yan sanda. Al'adar Karakalfakawa ta hana auren 'yan zuriya ɗaya ta wajen uba tana rage haɗuwar cututtukan gado, amma ba ta rufe ɓangaren uwa. Idan akwai kurumta tun haihuwa ko mutuwar jarirai a jere a dangin biyu, a faɗa wa likita a ranar gwajin, kafin a biya kalin mal, dukiyar auren da dangin ango ke kaiwa.